Littattafan dodanni, abokan hutun lokacin zafi



Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da manomi a Katsina ko Maraɗi ke duƙe yana noman fari da maimai, mutanen Turai da Arewacin Amurka suna cikin zafinsu na shekara. Makarantu a rufe suke, ma'aikata na karɓar hutu, jiragen ƙasa da na sama cike maƙil da masu neman iskar bakin teku. Kamfanonin buga littattafai sun daɗe da gane cewa wanda ya kwanta a kan yashi, rana na dukansa, yara na kai-komo a gefensa, ba zai iya da littafin da ke neman dogon nazari ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 suke tallata wasu littattafai na musamman don wannan lokaci. Kasuwar ta ƙara buɗewa da kamfanin Penguin ya fara sayar da ƙananan littattafai masu bangon takarda kan sisi a Ingila a 1935, Pocket Books kuma ya bi sahu a Amurka a 1939 kan santi 25. Littafi ya zama abin da za a cusa a aljihu, a karanta a mota, in ya jiƙe ko ya yage ba a yi wata asara ba.

Cikin ire-iren littattafan da ake ɗauka zuwa hutu akwai wani rukuni da masana adabi ba su cika waiwayarsa ba, amma masu karatu ba su taɓa gajiya da shi ba: labarin wata muguwar halitta da ta addabi mutane. Wani lokaci ƙaton kifi ne, wani lokaci ɓeraye, wani lokaci dabbar da ta ɓace daga doron ƙasa shekaru miliyoyi. Akan ce karatu ne marar nauyi, kuma haka ne. Sai dai marubucin ya sha aiki kafin littafin ya zo da sauƙi haka, kuma wanda ya lura zai ga cewa a mafi kyawunsu, halin mutanen da ke kewaye da dodon ne ke hana mai karatu ajiye littafin.

Wanda ya kafa wannan kasuwa a zamaninmu shi ne Peter Benchley, ɗan jaridar Amurka da ya taɓa rubuta wa Shugaba Lyndon Johnson jawabai. A 1964 ya karanta labarin wani masunci mai suna Frank Mundus da ya kama kifin shak mai nauyin kusan tan 2 a tekun Montauk, kusa da New York. Abin ya zauna masa a rai. Bayan wasu shekaru, yana cikin ƙarancin kuɗi, kamfanin Doubleday ya ba shi kafin alƙalami na dala 1,000 don ya kawo shafi 100 na farko. Littafin, mai suna Jaws, ya fito a 1974, ya kuma yi mako 44 cikin jerin littattafan da aka fi saye.

A duba yadda ya buɗe labarin. Bai fara da mutum ba, da kifin ya fara, yana ratsa ruwa cikin dare, ba gaggawa, ba fushi. Sannan aka koma gaɓa, inda wata budurwa ta bar saurayinta yana barci a kan yashi ta shiga iyo. Mai karatu ya riga ya san abin da ke ƙarƙashinta, ita ba ta sani ba. Da kifin ya kai mata farmakin farko ma ba ta ji zafi ba, ta ɗauka ƙafarta ce ta maƙale da wani abu. Sai da ta miƙa hannu ta laluba, ta nemi ƙafar ta rasa. Shafuka kaɗan ne, amma duk wanda ya kai nan ya shiga hannu.

Daga nan kifin ya ɓace na ɗan lokaci, labarin ya koma cikin gari. Amity ƙaramin gari ne na bakin teku, mutum dubu ɗaya ne ke kwana cikinsa da hunturu, amma da zafi sukan kai dubu goma. Abin da masu shaguna da masu gidajen haya suka samu cikin watanni ukun nan, shi za su ci har shekara ta zagayo. Shugaban 'yan sandan garin, Martin Brody, ya ce a rufe gaɓar. Magajin gari, Larry Vaughan, ya ce atafau ba za a rufe ba, editan jaridar garin kuma ya yarda ya danne labarin. Brody ya sakar musu. Kwanaki kaɗan bayan haka kifin ya cinye wani ƙaramin yaro da rana tsaka, uwar yaron kuma ta zo har ofis ta ɗora wa Brody alhakin jinin ɗanta. Wannan ne ƙashin bayan littafin. Kifi dai yunwa yake ji, ba shi da wata niyya. Waɗanda suka san gaskiya suka ɓoye ta saboda kasuwa, su ne mai karatu ke cizon yatsa a kansu.

Littafin yana da nasa rauni, kuma ba laifi a faɗa. Akwai doguwar hulɗar ɓoye tsakanin matar Brody da masanin kifaye Matt Hooper, wadda ta tsayar da labarin cak a tsakiya. Akwai kuma batun bashin da 'yan Mafiya ke bin magajin gari, wanda ya rage wa labarin ƙarfi, domin tsoron talauci kaɗai ya isa ya sa mutum yin abin da Vaughan ya yi. Steven Spielberg ya zubar da duka biyun sa'ad da ya mai da littafin fim a watan Yunin 1975, fim ɗin da ya koya wa Hollywood sakin manyan finafinanta a lokacin zafi. Kifin roban da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole ta sa ya riƙa ɓoye shi, yana nuna alamarsa kawai da kiɗan John Williams. Masu kallo suka fi tsorata da abin da ba su gani ba, darasin da marubutan wannan fanni suka riƙe har yau.

A shekarar da Jaws ya fito, wani matashi a Landan mai suna James Herbert, ma'aikacin kamfanin talla, ya fitar da nasa, The Rats. Bugun farko, kwafi 100,000, ya ƙare cikin mako uku. Herbert ya tashi ne a gabashin Landan, unguwar talakawa, inda kangayen da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka bari suka zama matattarar shara da ɓeraye. A littafinsa ɓerayen sun yi girman kare, suna kai hari a garke, a makaranta, a jirgin ƙarƙashin ƙasa, a gidan silima. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji Hausawa. Dabararsa ita ce ya gabatar da mutum, ya ba da tarihinsa cikin shafi uku ko huɗu, aikinsa, baƙin cikinsa, abin da yake fata, sai an fara jin tausayinsa sannan a ji motsi a bayan bango. Masu sharhi na lokacin sun yi tir da yawan jinin da ke ciki. Amma fushin Herbert a bayyane yake: hukuma ta yi watsi da unguwar, ba ta kuma motsa ba sai da abin ya fi ƙarfinta.

Nasarar waɗannan biyu ta buɗe ƙofa, aka yi ta tururuwa. A 1976, shekarar da Birtaniya ta sha wani matsanancin zafi da fari, Guy N. Smith ya fitar da Night of the Crabs, labarin manya-manyan ƙaguwa da suka fito daga teku a gaɓar Wales, masu yawon hutu kuma suka yi ta saye a shagunan bakin teku. Bayansa an yi na tsutsotsi, na kyankyasai, na karnuka, na gizo-gizo. Yawancinsu an manta da su, kuma sun cancanci a manta, domin marubutansu sun ɗauki dodo da jini, sun bar mutane.

Wanda ya ɗaga darajar fannin shi ne Michael Crichton, likita da ya kammala karatu a Jami'ar Harvard a 1969 amma ya zaɓi rubutu. A Jurassic Park, wanda ya fito a 1990, wani attajiri mai suna John Hammond ya mallaki tsibiri kusa da Kosta Rika, ya tara masana, suka ciro jinin dainoso, wato manyan dabbobin zamanin da masu kama da ƙadangaru, daga cikin sauron da ya maƙale a ƙaron itace ya daskare tun zamanin da. Inda ƙwayoyin halittar suka yi giɓi, sai aka cike da na wasu dabbobi, har da kwaɗo. Aka ce duk dabbobin mata ne, don haka ba za su hayayyafa ba. Aka kewaye su da waya mai lantarki, aka ɗora kula da komai a kan kwamfuta don a rage yawan ma'aikata.

Wurin da ya fi tayar da tsigar jiki a littafin ba shi da haƙori ko farce. A ɗakin kula da na'urori ne. Kwamfuta na ƙirga dabbobin a kai a kai, kullum tana nuna 238, ma'aikata kuma na alfahari cewa ko ɗaya bai ɓace ba. Sai masanin lissafi Ian Malcolm ya ce a umurci na'urar ta nemi 239. Ta samo. Aka ƙara adadin, ta sake samowa. Aka yi ta ƙarawa har ta tsaya a 292. Ashe an tsara ta ne ta daina ƙirga da zarar ta kai adadin da ake sa ran gani, saboda tsoron kowa shi ne kada dabba ta ɓace, ba wanda ya kawo a ransa cewa za su ƙaru. Wasu kwaɗi na iya sauya jinsi idan babu namiji a kusa, dabbobin Hammond kuma sun gaji wannan. Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar da ake kai wa shugaba rahoton da yake son ji kawai, zai gane wannan shafi tun kafin ya kai ƙarshensa.

Daga baya wutar shingen ta ɗauke, kuma shi ma wanda ya kashe ta ba dodo ba ne. Dennis Nedry ne, mai tsara manhajar wurin, wanda ke jin an ci da guminsa, har wani kamfanin hamayya ya saye shi kan dala miliyan ɗaya da rabi don ya sato ƙwayayen halittar. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Waɗanda suka san fim ɗin 1993 kaɗai za su yi mamakin Hammond na littafi, domin ba dattijon nan mai fara'a ba ne. Mutum ne mai taurin kai, mai ɗora laifi kan kowa ban da kansa, kuma bai fita tsibirin da rai ba.

Kimiyyar labarin fa? Ba za ta yiwu ba. Dainoso sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, mafi tsufan ƙwayar halittar da masana suka iya karantawa kuwa, wadda aka samo a ƙasar Greenland aka sanar a 2022, shekararta kusan miliyan 2 ne. Gwanintar Crichton ita ce ya jera gaskiya tara, ya saƙa ƙarya ɗaya a tsakaninsu, ya haɗa da jadawali da zane-zane kamar rahoton bincike, har mai karatu ya kasa gane inda ɗinkin yake. Ga mai son ganin ƙashin irin waɗannan halittu da idonsa kuwa, ba sai ya tsallaka teku ba. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas, aka haƙo Nigersaurus mai haƙora kusan 500, da Sarcosuchus, kadan da ya rayu shekara miliyan 110 da suka wuce, wanda kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi. Gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai yana nuna ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi.

A 1995 Douglas Preston da Lincoln Child suka shigo da dodon cikin birni. Preston ya yi shekaru yana aiki a babban gidan tarihin halittu na New York, ya san lungunansa na ƙarƙashin ƙasa, da ɗakunan ajiya cike da ƙasusuwa da kwalaben da ba a buɗe ba shekara da shekaru. A nan suka kafa Relic. An tsinci gawar yara biyu a ƙasan ginin, ana saura kwanaki a buɗe wani gagarumin baje koli. Jami'an tsaro suka ce a ɗage, shugabannin gidan suka ƙi, saboda an kashe kuɗi, an kuma gayyaci manyan gari. Daren bikin wuta ta ɗauke, ƙofofin ƙarfen da aka yi don tare ɓarayi suka rufe baƙin a ciki tare da abin da ke farautarsu. Magajin garin Amity ne ya sake dawowa, wannan karon da kwat da taye. Daga wannan littafi aka samu jami'in FBI Pendergast, wanda marubutan suka ci gaba da shi a littattafai da dama.

Akwai kuma waɗanda ba su damu da a yarda da su ba, nishaɗi zalla suka sa gaba. Meg na Steve Alten, 1997, shi ne sarkinsu. Labarin megalodon ne, ƙaton kifin shak da ya ƙare kimanin shekara miliyan 3.6 da suka wuce, amma a littafin aka ce ragowarsa na nan ɓoye a ramin Mariyana, wuri mafi zurfi a tekun duniya, kusan mita 11,000. Babin farko ya haɗa kifin faɗa da dainoso, alhali tsakanin zamaninsu akwai shekaru miliyoyi masu yawa. A ƙarshe jarumin, Jonas Taylor, ya shiga cikin cikin kifin da ƙaramin jirginsa na nutso, ya fito ya yanke masa zuciya da wani tsohon haƙorin megalodon da yake yawo da shi. Ba mai hankalin da zai gaskata wannan, ba kuma mai karatun da zai tsaya a tsakiyarsa. Irin wannan littafi kamar soyayyar gyaɗa ne, ba ta ƙosarwa, amma hannu ba ya daina komawa. Fim ɗinsa na 2018 ya tara sama da dala miliyan 500.

Me ke sa shafukan gudu haka? Babi gajere ne, shafi uku zuwa biyar, kuma ba a rufe shi sai an bar wata tambaya a buɗe. Ana tsalle daga wannan mutum zuwa wancan, yadda mai karatu kullum ya fi mutanen labarin sanin abin da ke tafe. Wurin a killace yake, tsibiri ne, ko jirgin ruwa, ko gini mai rufaffun ƙofofi. Max Brooks ya bi wannan tsari a Devolution na 2020: wasu masu hali sun gina 'yar unguwa ta zamani a dajin jihar Washington, komai nasu intanet ke kawowa, har abinci. Dutsen Rainier ya yi aman wuta, hanya ta toshe, sadarwa ta yanke, sai ga wasu manyan halittu masu kama da goggon biri, waɗanda Amurkawa ke kira Bigfoot, yunwa ta koro su daga tsauni. Kafin su iso, mai karatu ya riga ya gano cewa a duk unguwar da ƙyar za a sami ko guduma.

Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne. Wanda ya taso yana jin tatsuniyar Dodo da daddare, ko labarin macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajida ya zo ya sare shi, ya san daɗin a tsorata shi alhali yana zaune lafiya a tsakar gida. Ɗaliban da suka yi dogon hutun damina da littattafan Pacesetters da na James Hadley Chase a hannu, da masu bin littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, duk ƙishirwa ɗaya suke kashewa. Malamai da iyaye kan yi ƙorafin cewa wannan ɓata lokaci ne. Mai wannan sharhi bai yarda ba. Yaron da ya cinye shafi 400 cikin kwana uku don son ransa ya samu saurin karatu, ya tara kalmomi, ya kuma saba da zama da littafi, abin da bulala ba ta taɓa koya wa kowa ba. Abin da ya kamata iyaye su kula da shi shi ne shekaru: The Rats da Jaws na ɗauke da zubar jini da wuraren batsa da ba su dace da ƙananan yara ba, Jurassic Park kuwa matashi zai iya ɗauka, ko da yake shi ma akwai wuraren da sai an runtse ido. Masu karanta Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi za su sami Jaws da sunan Les Dents de la mer.

Akwai wani ɓangare na wannan labari da ba shi da daɗin ji, kuma Benchley da kansa ya fi kowa faɗarsa. Bayan littafin da fim ɗin, farautar kifin shak don gasa da nuna bajinta ta ƙaru a gaɓar Amurka, miliyoyin mutane kuma suka ɗauke shi a matsayin maƙiyin ɗan Adam mai riƙo da ramuwa. Alƙaluman sun nuna akasin haka. Cibiyar da ke tattara bayanan hare-haren shak a gidan tarihin halittu na Florida kan lissafa mutuwar mutane ƙalilan ne a shekara a duk faɗin duniya, galibi ba su kai goma ba. Wani bincike da masanin teku Boris Worm na Jami'ar Dalhousie a Kanada ya jagoranta a 2013 kuwa ya ƙiyasta cewa mutane na kashe shak kusan miliyan 100 duk shekara, yawanci ta hanyar kamun kifi na kasuwanci da cinikin fikafikansa don yin miya a Asiya. Wannan ciniki ba littafi ne ya haifar da shi ba, amma tsoron da littafin ya shuka ya sa an daɗe ba a sami masu tausaya wa kifin ba.

Benchley ya shafe sauran rayuwarsa yana nutso a tekunan duniya, yana shirya finafinan ilimantarwa, yana kira da a kare halittun ruwa. Ya sha faɗa cewa da ya san abin da ya sani daga baya game da ɗabi'ar shak, da ba zai rubuta labarin yadda ya rubuta shi ba. A 2002 ya fitar da Shark Trouble, littafin gaskiya kan yadda kifin ke rayuwa da yadda mai iyo zai kauce wa haɗari. Ya rasu a 2006, bayansa kuma matarsa Wendy ta haɗa hannu da wasu aka kafa lambar yabo da sunansa, wadda ake bai wa masana da 'yan jarida da shugabannin da suka yi fice wajen kare teku.